Gidan Mita Ya Tsage: Yadda Za Ka Gano Dalili Kafin Ka Kai Hannu Ga Gam

Ka zaga shagunan masu gyara a babbar kasuwar Garwa, ko a Domayo ta Marwa, ka ce kowa ya ciro mitarsa ta awon wuta, wato ta hannu mai wayoyin gwaji biyu. Da wuya ka ga mai lafiyayyen gida, wato robar da ta rufe ta. Wata an naɗe ta da salatif, wata an ɗaure ta da tsohuwar robar tayar keke, wata murfin batirinta ya daɗe da shiga duniya. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: faɗuwa ta yi. Faɗuwa tana fasa mita, babu musu. Sai dai yawancin waɗanda na buɗe, robar ta riga ta gaji tun kafin ranar, faɗuwar ƙarasa ta kawai ta yi. Wanda bai gano abin da ya gajiyar da ita ba zai liƙe nan, bayan wata biyu ta ɓulle can.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta kwalliya shi ne, robar nan ita ce tsakanin tafin hannunka da wutar da kake aunawa. Juya bayan mitar, a yawancinsu za ka ga alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba. Ma'anarta mitar ba ta da wayar ƙasa, kariyarta duka tana jikin robar. Wutar gida a nan bolt 220 ce, ta injin niƙa da manyan famfuna 380. Haka kuma matsewar gidan ce ke danne gilashin lamba da abin murɗawa a kan fanel, wato allon kayan wutar da ke cikin mitar. In gida ya saki, mita tana iya nuna maka sifili a kan waya mai wuta, wannan kuwa ya fi fashewar kanta haɗari.

Mataki na 1: Buɗe ta a tsanake

Zare wayoyin gwaji daga jikin mitar gaba ɗaya, ka kashe ta, ka tuɓe rigar roba mai laushi in tana da ita. Zana hoton bayan mitar a takarda, duk sukurun da ka kwance ka soka shi a inda ya fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka ɗaga fanel. Ƙarƙashin abin murɗawa akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da sifirin da ’yan faranti na tagulla, in suka yi tsalle a ƙasan shago sai dai haƙuri. Shimfiɗa farin ƙyalle ka yi aikin a kai. Cire batir.

Mataki na 2: Nemo inda tsagar ta faro

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Wanke ɓangarori biyun gidan da ruwa da ɗan sabulu, su bushe a inuwa. Haska tocila ta ciki, ka bi tsagar da ido har zuwa inda ta fi faɗi. Daga nan ta tashi. Abin da ka tarar a wurin shi zai gaya maka mai laifi.

*In ta tashi daga kusurwa,* layi ɗaya, ga tabon bugu a waje, gefenta ya yi fari-fari, to faɗuwa ce ta gaskiya. Farin nan alama ce mai kyau, yana nuna robar ta miƙe ta yi gardama kafin ta rabu, wato tana da sauran rai. Irin wannan ita ta fi karɓar gyara. Ƙa'idar IEC 61010 da ake ƙera mitoci a kanta ta tanadi a gwada na'urar hannu da faɗuwa daga tsayin mita 1. Sabuwar mita ta ƙwarai da ta zame daga tebur bai kamata ta dare ba.

*In ta tashi daga ginshiƙin da sukuru ke shiga,* ta bazu ta ko'ina daga ramin, hannu ne ya yi ta. Sukurun mita da kansa yake yanka wa kansa hanya a cikin roba. Duk lokacin da aka canza batir aka mayar da shi ba a tsohuwar hanyarsa ba, sai ya yanka sabuwa, ginshiƙin ya ƙara buɗewa. Ga kuma ɗabi'ar yaran shago ta ɗaure sukuru sai ya yi ƙara, don kada maigida ya ce ba su iya aiki ba. Wani lokaci ainihin sukurun ne ya ɓata aka ɗauko na rediyo mai kauri, ko aka sa dogo a ramin gajere ya tokare ya ture fuskar mitar. Zafi yana ƙara wa abin gishiri: roba tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe sau shida ko sama da haka. Da rana ta kumbura, da dare ta koma, sukurun yana tsaye inda yake. Kullum ana wannan ja-in-ja, ginshiƙin da aka matse fiye da kima shi zai fara sallamawa.

*In tsagogin ƙanana ne da yawa,* sirara kamar faso a diddige lokacin hunturu, kuma cikin tsagar sumul yake yana ƙyalli babu fari, wani ruwa ne ya ci robar. Wannan ita ce wadda mutane ba sa yarda da ita, domin mitar tana ajiye a aljihun tebur za a wayi gari ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Yadda abin yake: robar tana ɗauke da matsi a jikinta, na sukuru da wanda ya saura tun daga injin da ya zuba ta. Matsin shi kaɗai ba ya fasa ta. Ruwan ma shi kaɗai sau da yawa ba ya fasa ta. Amma in suka haɗu, ruwan ya ratsa ya sassauta robar a daidai inda take a matse, sai ta rabu a hankali, cikin makonni ko watanni. Jerin masu laifin duk suna cikin shagonmu: fetur, har da zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin titi, da ake wanke hannu da shi bayan aiki, kananzir, tina, man birki, baƙin mai, man feshin da ake kwance tsatsa da shi, maganin sauro na gwangwani, turare, da ruwan goge hannu mai sinadarin barasa da ya cika gari a 2020. Jan ruwa ko shuɗin da makanikai ke ɗiga wa noti don kada ya kwance, shi kam guba ne ga wannan roba, ɗigo ɗaya a ramin sukuru ya isa. Man girki ma ba a bar shi a baya ba. A ɗakunan gwajin roba, man auduga na cikin abin da ake shafa wa robobin wannan dangi don a ga juriyarsu, mu kuwa da shi muke suya a Garwa. A ci ƙosai a goge hannu a wando a ɗauki mita, maiƙon yana bin gefen sukuru yana taruwa.

Akwai wani a wannan sahun da ya fi su ɓuya, wato wayoyin gwajin kansu. Bawon yawancinsu robar PVC ce da aka cuɗa da wani mai don ta yi laushi. In aka naɗe su tam a jikin mitar aka bar ta cikin zafi, man yana tsattsafowa ya shiga gidan. Duba bayan mitarka, in ka ga sawun waya ya kwanta a jikin robar, ko wurin yana danƙo, ka kama ɓarawon. Rigar roba ta ƙananan mitoci ma takan yi haka.

*In launin robar ya juya,* fari ko ruwan toka ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, fuskar ta dushe, in ka kankara da farce tana gari, gefe yana ɓantarewa ƙanana-ƙanana, rana da zafi ne. Yawancin gidajen mita robar ABS ce, kuma abin da ke ba ta juriyar bugu wani sashe ne mai laushi da ke cikinta. Shi hasken rana ya fi ci, zafi kuma yana hanzarta cin. Idan ya mutu sai a bar ka da roba mai tauri marar haƙuri. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Kuseri da Njamena yana haura digiri 40 a inuwa, saman gaban motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce 70. Takardun mitoci yawanci sun tsayar da iyakar zafin ajiya tsakanin 50 da 60. ABS ba ta yin laushi sai wajen digiri 105, saboda haka ba za ka ga ta narke ba, tsufa take yi da wuri ba ka sani ba. Akwatin babur da ke yini a rana, rumfar kwano, teburin mai gyaran waya a bakin titi, duk wuraren tsufar mita ne.

Wasu suna ɗora wa bushewar hunturu laifi. Ban yarda ba. ABS ba ta shan ruwan da za a ce ta bushe ta tsage, sanyinmu kuma bai kai ya ƙandarar da ita ba. Ɓarnar hunturu ƙura ce. Tana shiga tsagar ta kwanta, damina ta zo ta ba ta laima, sai ta zama hanyar da wuta za ta iya bi daga ramin waya zuwa yatsanka.

*In tsagar tana kewayen ɗakin batir,* duba ko akwai farin gari ko tsatsa a kan ƙarafan. Batirin bolt 9 da ya mutu aka bar shi a ciki yana kumbura ya tura murfi, yana kuma zubar da ruwa. Ruwan batirin alkalin yana cin robar PC musamman, wata irin robar da ita ma ake yin gidan mita da ita. Batiran da ake caji wasunsu sun ɗara na yau da kullum ƙiba kaɗan, in aka danna murfi a kansu da ƙarfi, maƙalin ne ke biyan kuɗin.

*In tsagar miƙaƙƙiya ce, ta fito daga gefen wani rami,* babu tabon bugu, babu maiƙo, sai ka nemi wani mai irin mitarka ka duba tasa. In ita ma a wurin ta tsage, daga masana'anta ne. Lokacin da narkakkiyar roba ke cika ma'aunin zubi, takan rabu biyu ta zagaye rami ta sake haɗuwa a bayansa, mahaɗar nan kuwa ba ta kai sauran jiki ƙarfi ba. A sabuwar mita ma kana iya hango ta, siririn layi kamar gashi. A mitocin araha akan ƙara da tsohuwar roba da aka niƙa aka sake narkawa, wadda ta riga ta sha wuta sau ɗaya ko biyu.

*In ka ga baƙin hayaƙi a ciki,* ko ɗigon tagulla da ya narke, ko tsagar ta turo daga ciki zuwa waje, wuta ce ta tashi a cikin mitar. An bar jar waya a ramin amfiya 10 aka soka a soket, ko an taɓa wuta mitar tana kan awon om. A ƙananan mitoci irin DT830 ramin amfiya 10 ba shi da fiyus sam, an ma rubuta a fuskarta. A wasu kuma fiyus ɗin ya taɓa ƙonewa aka naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari. Wannan mita ta gama aiki. Baƙin da ya kwanta a kan roba da fanel yana ɗaukar wuta, gogewa ba ta raba shi da wurin.

Mataki na 3: San irin robar

A cikin murfin baya akan buga sunanta tsakanin alamu biyu: >ABS< ko >PC< ko >PC+ABS<. In ba a buga ba, ɗiga asiton (ruwan sinadarin da ke narkar da fenti da wasu robobi) kaɗan da tsinken ashana a wani lungu na ciki nesa da tsagar. In wurin ya yi laushi yana kama tsinken, ABS ce. In ya yi hazo ko ya fara ƙananan tsagogi, da PC a ciki, kada asiton ya sake kusantarta.

Mataki na 4: Yanke hukunci

Wurin tsagar ne ke yanke shi, girmanta yana biye. Tsagar da ta taɓa ramukan wayoyin gwaji, ko ta ratsa kusa da fiyus, ko ta bi zagayen abin murɗawa, ta fitar da mitar daga aikin wutar gida har abada, ko da gyaran ya yi kyan da ido ba zai gane ba. Haka wadda ta karya leɓen da ɓangarori biyun ke shiga juna, domin leɓen nan ne ke tare tartsatsi in fiyus ya fashe. Lambar CAT II ko CAT III da ke fuskar mita, mai nuna irin wutar da aka yarda a auna da ita, an ba ta ita ne da cikakken gida. Gam ba ya dawo da ita.

Irin wannan mita ba shara ba ce. Tana iya ci gaba da aikin wayar hannu, rediyo, batirin mota da na babur, duk abin da bai wuce bolt 24 ba. A yi hattara da sola, mutane suna ɗaukarta wutar wasa. Ƙaramin faranti ɗaya ba komai, amma in aka jera su a layi suna kai ɗaruruwan bolt, tartsatsin irin wannan wuta kuma ya fi na soket wuyar mutuwa.

Robar da rana ta cinye, ko wadda ƙananan tsagogi suka game ko'ina, kada ka ɓata gam. Nemi matacciyar mita irinta wajen abokan sana'a ka ɗauki gidanta. Wanda ya cancanci gyara shi ne tsagar kusurwa, ƙafar jingina, murfin batir, da ginshiƙin sukuru.

Mataki na 5: Gyaran

Fanel da gilashi su yi nesa da teburin kafin ka fara. Nemo ƙarshen tsagar, can inda ta sirance har ta ɓace, ka huda ɗan rami na milimita 1 a daidai wurin da siririn bakin diril, kana murza shi da yatsu. Ramin yana raba matsin da ya taru a tsinin tsagar, sai ta daina tafiya. Daga baya za ka cike shi. Ta ciki, kankare gefen tsagar da reza ya zama ɗan kwari inda abin liƙi zai kwanta.

In ABS ce, abin da ya fi shi ne a haɗa ta da ’yar'uwarta. Samo tsohon rimot ko murfin wata na'ura mai tambarin ABS, ka yanka ƙanana a kwalbar gilashi, ka zuba asiton ya rufe su, ka toshe ta kwana. Da safe za ka tarar da kwaɓi mai kauri. Asiton tsantsa ake so, na kantin kayan gini ko na fenti. Ruwan goge jan farce yawanci da mai da ruwa a cikinsa, ba ya yi. Fara ɗiga asiton zalla kaɗan a cikin tsagar, ka matse ɓangarorin minti biyu zuwa uku, sannan ka shafa kwaɓin ta ciki, siriri. Ya sha iska ka ƙara wani. Shafi mai kauri a tashi ɗaya yana lanƙwasa bangon. Ba shi kwana biyu kafin ka ɗaura sukuru. Asiton yana kama wuta nan da nan, don haka ƙarfen dalma da sigari su yi nesa, ƙofa kuma a buɗe.

In da PC a ciki, gam mai tiyub biyu da ake gaurayawa, irin Araldite, shi ne naka. Goge wurin da samfefa ya yi kaushi tukuna. Ɗauki mai haske, kuma mai jinkirin bushewa ya fi mai minti 5 riƙo. Mai ruwan toka da ake toshe tankin babur da shi garin ƙarfe ne a cikinsa, ba shi da wuri a cikin mita.

Ginshiƙin sukuru yana son ɗauri ta waje. Mayar da ɓaraguzan wurinsu, ka naɗe shi da zaren ɗinki zagaye-zagaye, ka jiƙa zaren da gam. In ramin ya lalace, cika shi da gam, ka goga wa sukurun kyandir, ka murɗa shi ciki a miƙe. Idan gam ya kama sai ka kwance shi, ya bar maka sabuwar hanya. Kyandir na ce, kada a sa mai ko giris, dalilin yana mataki na biyu.

Abu biyu da aka saba a kasuwa ban ba ka shawararsu ba. Na farko, dasa guntayen waya a cikin roba da ƙarfen dalma, yadda ake ɗinke robar babur. A babur daidai ne, a mita kuwa ka dasa wa wuta gada. Na biyu, sufa gulu da garin soda. Yana kamawa nan take, shi ya sa ake sonsa, amma ƙandararre ne, bugu ɗaya ya ɓalle, tururinsa kuma yana sa tagar gilashi ta yi fari. A ƙafar jingina kaɗai nake yarda da shi.

Mataki na 6: Mayarwa da gwaji

Mayar da komai yadda hotonka ya nuna. In akwai takarda mai ƙyalli manne a murfin baya da ɗan sifirin da ke taɓa ta, ka tabbata sun haɗu, in ba haka ba lambobi za su riƙa rawa. Kowane sukuru, ɗora shi a bakin rami ka juya baya, wato hagu, a hankali har ka ji ya yi ƙas ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka juya dama. Riƙe sukudireba da yatsu uku. Da zarar kan sukurun ya zauna, tsaya.

Sa sabon batir. Haɗa bakin wayoyi biyu a kan awon om, ya kamata ta nuna ƙasa da om 1. Sabon ƙaramin batirin tocila zai ba ka wajen bolt 1.6, batirin mota mai cikakken caji wajen 12.6. Kana cikin awon, ka ɗan murɗa gidan mitar da hannu biyu, ka danna gefen gilashi, ka girgiza abin murɗawa. In lamba ta canza ko wani sashenta ya ɓace, gidan bai danne fanel yadda ya kamata ba, sake buɗewa. In da wata mita lafiyayya a kusa, auna abu ɗaya da su biyun ka kwatanta.

Wadda aka sauke daga aikin wutar gida, a rubuta mata “12V da 24V kawai” da jan fenti a gaba da baya, da manyan baƙi. Faɗa da baki ba ya isa, domin ranar da ba ka shago yaro zai ɗauki wadda hannunsa ya fara kaiwa.

Mataki na 7: Sabuwar da za ka saya, da yadda za ka riƙe ta

A kanti, riƙe ta da hannu biyu ka ɗan murɗa. In tana ƙara tana lanƙwasa, bangonta siriri ne. Duba ko murfin batir daban yake, wanda ba sai an buɗe mitar gaba ɗaya ba, domin hakan yana rage wa ginshiƙai wahala. Wadda sukurun murfinta ke shiga cikin gurbin tagulla ta fi wadda yake cin roba. In mai kanti ya yarda a buɗe, dubi fiyus. Mai aikin 220 da 380 ya nemi mai fiyus na farar ƙasa da aka cika da yashi, na gilashi ba ya iya kashe babban tartsatsi. Rubutun CAT III a kan mitar da kuɗinta bai kai na cin rana biyu ba, tawada ce kawai.

Gogewa da ɗanyen ƙyalle da ɗan sabulu, shi ke nan, haka takardun masu ƙera su ma suka ce. Wayoyin gwaji a naɗe su daban, sako-sako, a aljihun jaka. Sau ɗaya a wata ka tuɓe rigar robar ka share maiƙo da ƙurar da suka taru a ƙarƙashinta, a nan ne za ka ga tsaga tun tana ƙarama. A babur, jakar mita ta zauna a bayanka ko a cikin tsumma, nesa da galan ɗin mai. In za ka yi tafiyar da ta kai wata guda, zuwa gona da damina ko zuwa gida da salla, cire batir ka ajiye shi daban, ka ɗan sassauta sukurun murfin da rabin juyi.